Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Gwanintar Mai Zanen Kamanni

Ranar suna, kafin a kai ga rabon goro, tsofaffin gida sun riga sun gama rabon jariri. Wannan ta ce hancin na kakansa ne, waccan ta ce goshin na dangin uwa ne, wata ta ɗaga ɗan yatsansa ta ce har farcen na ubansa ne. Kwana bakwai da zuwansa duniya, an karance fuskarsa kaf. Haka muke. Dattijo zai ga yaro a kasuwar Musawa ko ta Funtua, bai taɓa ganinsa ba, ya tsayar da shi ya ce, "Kai yaro, ba jikan wane ba ne kai?" kuma ya dace. Gane kama baiwa ce da Allah Ya raba wa kowa. Amma ka miƙa wa wannan dattijo fensir da takarda, ka ce ya fitar maka da fuskar amininsa da suka shekara arba'in suna cin tuwo tare, nan take ido zai raina fata. Ya san fuskar sarai, abin da bai sani ba shi ne me ya sa ta zama ita.

Mai zanen kamanni shi ne wanda ya san dalilin. Yana duban fuska ya ga tazarar da ke tsakanin ido da ido, ya ga inda haske ya sauka da inda ya ƙare, ya ga gefen bakin da ya ɗara ɗan'uwansa ɗagawa. Sai ya kwashe waɗannan duka ya zuba su a kan ƙyalle shimfiɗaɗɗe, har mai wucewa ya ja ya tsaya ya ce, "Wallahi shi ne!" Mutane sukan ce wane yana da hannu. A ganina ido ne gaba da hannu a wannan sana'a, kuma idon horar da shi ake yi, shekara da shekaru.

Fuskokin da suka tafi

Kafin mu leƙa ɗakin aikinsa, ya kamata mu san abin da ake asara idan babu shi. Yau babu wanda zai iya nuna maka fuskar Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, don haka hoton da ake yawo da shi da sunansa ba shi ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin ɗan abin da ya rage mana na siffarsa akwai bayanin da Bature Clapperton ya rubuta bayan ya gan shi a Sakkwato a 1824, inda ya nuna shi mutum ne mai cikar zati, mai manyan idanu da gajeren baƙin gemu. Amma Shehu Laminu na Barno, wanda ya yi zamani da su, har gobe ana ganin siffarsa a littattafan tarihi, saboda Denham, abokin tafiyar Clapperton, ya zana shi, aka buga zanen a Landan a 1826. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya hau gado a 1906 ya riski zamanin kyamara, shi ya sa tattaɓa-kunnensa suka san idonsa. Yawancin waɗanda suka gabace shi sun bar mana suna da tarihi, fuskokinsu kuwa sun tafi tare da su.

Hanyar Samaru

Idan ka tashi daga Musawa ka bi ta Malumfashi ka faɗa Funtua, sannan ka miƙe ta Giwa da Shika, kafin ka shiga birnin Zariya za ka riski Samaru. Manoman yankinmu sun san wannan suna ta wajen irin shuka, wato irin auduga da na masara da na dawa da cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ke fitarwa. Da yawa ba su san cewa a wannan Samarun akwai sashen koyar da zane da ya kafa tarihi a Nijeriya ba.

Zanen kamanni na zamani a ƙasar nan ya faro ne daga Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, wanda ya koya wa kansa zane tun yana yaro, daga baya ya je Landan da Paris ya ƙaro ilimi, ya dawo ya dage sai an saka zane cikin darussan makarantu. Amma makarantar da ta yaye gwanaye jiki da jiki ita ce ta Zariya. An fara sashen a Ibadan a 1953, aka dawo da shi Zariya a 1955, a ƙarƙashin kwalejin da ta zama jami'a a 1962. A 1958 wasu ɗalibanta, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya bisa manufa ɗaya: a karɓi dabarar aiki daga malaman Turawa, amma abin da za a zana da ruhin zanen su fito daga gida.

Shekara goma bayan haka, a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, wani saurayi haifaffen Ibadan mai suna Kolade Oshinowo ya iso Samaru. An haife shi a 1948. Ya kammala a 1972 da ƙwarewa a aikin fenti, ya ɗan koyar a King's College ta Legas, sannan a 1974 ya koma Kwalejin Fasaha ta Yaba, inda Yusuf Grillo, wanda ya riga shi shan ruwan Zariya, ke jan ragamar sashen zane. A nan ya zauna har ya yi ritaya a 2008, bayan ya kai muƙamin mataimakin shugaban kwalejin. A 2005 masu zane na Nijeriya suka ɗora shi a kan shugabancin ƙungiyarsu. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Abiodun Olaku, wanda shi ma yau gagarabadau ne.

Abin da ya sa ake kai sunan Oshinowo gaba idan ana zancen zanen mutum shi ne yadda ya riƙe fuska da muhimmanci. Ya zana manyan mutane da aka ba shi aikinsu, amma inda zuciyarsa ta fi karkata shi ne mata: 'yan kasuwa, iyaye, 'yan mata cikin ɗaurin ɗankwali, da launuka masu kama da ƙasar da suke takawa. Koyarwa da aikin ofis ba su sa ya ajiye burushi ba, ya yi suna wajen yawan aiki. Da girma ya zo kuma bai tsaya inda yake ba, sai ya shiga tattara ƙyallayen atamfa da ke zubewa a shagunan teloli, yana liƙa su a jikin zane su zama tufafin matan da ya zana. Duk wannan ado yana zaune ne a kan abin da ake fara koya wa ɗalibi a Zariya da Yaba: a zaunar da mutum mai rai a gabanka, ka dube shi, ka auna, ka zana, gobe ka sake.

Awo kafin ado

Darasin farko yakan ba sabon ɗalibi mamaki: idanu a tsakiyar kai suke. Ka auna daga tsakar ka zuwa ƙasan haɓa, ka raba biyu, layin zai ratsa ta kan idanu. Kusan duk wanda bai koya ba sai ya kai su can sama kusa da gashi, domin hankalinmu ya fi zama a kan ido da hanci da baki, muna tauye wa goshi da ƙoƙon kai haƙƙinsu. Faɗin kai, idan ana kallonsa gaba da gaba, ya kai kimanin ido biyar a jere, kuma tsakanin ido da ido akwai gurbin ido ɗaya. Daga inda gashi ya fara zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa, kashi uku ne kusan daidai wa daida. Kunne yakan fara daga saitin gira ya ƙare a saitin ƙasan hanci.

Sai dai babu ɗan Adam ɗin da ya cika wannan ma'auni cif, kuma a nan sirrin yake. Ana haddace ƙa'idar ne don a ga inda kowace fuska ta saɓa mata, domin a cikin wannan saɓanin kama take zaune. Wane idanunsa sun matso juna kaɗan. Wance hancinta har baka, ya cinye rabin tazarar da ke tsakaninsa da leɓe. Wani haɓarsa ta ja baya, wani muƙamuƙinsa ya buɗe. Abin da tsofaffin gida ke gani a fuskar jariri ba tare da sun iya faɗa ba, shi mai zane yake mayarwa awo.

Ka tsaya bayansa ka ga yadda yake yi. Ya miƙe hannu har ƙarshe da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya saita bakin fensir da girar mai zaman, ya zame babban yatsa har ya kai saitin ƙasan hanci. Wannan tsawon ya zama mudunsa. Da shi zai auna faɗin kunci, da shi zai auna tsawon wuya, da shi zai gane ko kafaɗa ta faɗi. Idan ya lanƙwasa gwiwar hannu ko ya gusa daga inda yake tsaye, awon ya ɓaci, sai an sake. Duk wannan lokacin bai zana ƙwayar ido ko ɗaya ba. Da gawayi yake jan manyan layuka marasa nauyi: siffar kai, karkatar wuya, faɗin kafaɗa. Magini ba ya fara dagi a bango kafin ya ja igiyar harsashi. Dalilin kuwa a fili yake: kana hango ɗan'uwanka daga ƙarshen gona ka gane shi, alhali ba ka ga gashin idonsa ba. Manyan siffofi su ke ɗauke da kama. Idan suka karkace, ko an ƙirga gashin gemu ɗaya bayan ɗaya, wani mutum daban za a samu.

Haske da inuwa

Ka dubi hancin wanda ke kusa da kai. Babu wani baƙin layi da ya zagaye shi. Abin da ke nuna maka ya taso shi ne gefe ɗaya yana da haske, ɗaya gefen yana cikin inuwa. Saboda haka gwani ba ya son haske mai shigowa ta ko'ina. Yakan zaunar da mutum kusa da taga ɗaya ko ƙofar zaure, haske ya zo daga gefe kuma daga ɗan sama, ya raba fuskar gida biyu. Rana tsaka ba ta da amfani a wurinsa, domin takan mayar da idanu ramuka biyu baƙaƙe.

Daga nan sai ka ga ya ƙanƙance idanu kamar mai fama da hasken rana. Yana yin haka ne don ƙananan abubuwa su ɓace masa, ya rage ganin komai sai fili mai haske da fili mai duhu. Siffar inuwar da ta faɗo daga gira, da wadda ta kwanta gefen hanci, da wadda ke ƙarƙashin leɓen ƙasa, idan ya kamo su daidai, mutumin ya riga ya fara leƙowa tun ba a sa masa ido ba. Shi ya sa ake sa ɗalibai su daɗe suna zana ƙoƙon kai. Ƙashin gira da ƙashin kunci da muƙamuƙi su ke tare haske, fata mayafi ce kawai a kansu. Wanda bai san ƙashi ba, fuskar da zai zana za ta fito a kumbure, babu inda ta tsaya.

Launin fatarmu

A nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan matso baƙin fenti da ruwan ƙasa ya shafe fuska da su, sai ta fito a mace. Fatar baƙin mutum tana da sheƙi, tana ɗaukar launin duk abin da ke kewaye da ita. Ka lura da dattijo zaune a gindin bishiya da la'asar. Goshinsa da karan hancinsa sun ɗauko shuɗin sararin sama. Kumatunsa, inda jini ya fi kusa, akwai ja a ɓoye. Ƙarƙashin haɓarsa hasken farar rigarsa ya haska sama. Gefen da ke kallon katangar jar ƙasa ya yi ruwan goro. Duka a fuska ɗaya.

Don haka gwani yakan jera 'yan launuka kaɗan a kan faifan haɗi: ruwan ƙasa mai duhu, ruwan makuba, rawaya irin ta ƙasa, ja, shuɗi mai zurfi, da fari. Da yawansu ba sa taɓa baƙi, sai su haɗa shuɗi da ruwan ƙasa su sami duhu mai rai. Kuma suna tsoron fari, domin idan ya yi yawa sai fata ta koma kamar wadda hunturu ya busar. Baƙi wuluk da wankan tarwaɗa da fari irin na Fulani, kowanne da nasa haɗin, kuma babu kwalin fentin da aka rubuta wa sunansu. Na'ura ma ta daɗe ba ta yi wa fatarmu adalci ba: shekaru masu yawa kamfanin Kodak yana daidaita launin hotuna ne da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya. Idon mai zanen da ya tashi cikinmu bai taɓa buƙatar wannan kati ba.

Fentin mai yana da nasa sharaɗin. Ƙyallen da ake zane a kai, wato kanbas, galibi saƙar auduga ce mai kauri, irin amfanin gonar da ya ɗaga sunan Funtua da Malumfashi. Sai an ɗaure shi tamau a jikin katako, an shafe shi da farin share fage, wanda masu zanenmu kan haɗa da fentin bango da farin gam, don kada mai ya cinye zaren. Shafin farko a tsinke ake yinsa, na bayansa ana ƙara masa mai da kauri. Idan aka juya tsarin, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan 'yan shekaru fuskar ta tsattsage. Kowane shafi kuma yana son kwanaki kafin ya sha iska. Mai gaggawa ba ya wannan sana'a.

Ido, baki da rawani

Farin ido ba fari ba ne. Fatar ido ta sama tana jefa masa inuwa, kuma shi kansa dunƙule yake, don haka gefensa ya fi tsakiyarsa duhu. Wanda ya sa masa fari fat, sai mutumin ya fito kamar a firgice. Ɗigon haske guda da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido shi ne kusan aikin ƙarshe, kuma dole ya zauna ta ɓangaren da hasken ɗakin ke shigowa, a idanun biyu. Girmansa bai kai ƙwayar gero ba, amma da zarar ya sauka, zanen ya fara kallonka.

Baki ya fi ido wuya. A gefensa biyu hali yake ɓuya. Ka ɗaga gefen da kaurin gashi ɗaya, mai haƙuri ya koma mai izgili. Ka sauke shi kaɗan, mai fara'a ya koma mai ƙunci. Gwani zai iya kwana uku a kan wurin da babban yatsa zai rufe, yana sawa yana kankarewa.

Fuskar mutumin ƙasar Hausa kuma tana zuwa da nata ƙarin aiki. Akwai tsaga, wadda ke faɗin asalin mutum, Bakatsine ne ko Bagobiri ko Babarbare. Ba a ƙara mata layi ba a rage, kuma ba a zana ta da baƙin layi a kan fata, domin kowace tsaga ɗan kwari ce mai gefen haske da gefen inuwa. Akwai tabon salla a goshi, akwai kwalli, akwai wushirya. Sannan ga farin rawani, wanda a cikinsa akwai toka-toka da shuɗi-shuɗi da rawaya-rawaya, fari na ainihi bai wuce 'yan wurare ba. Naɗin ma dole a san shi, don na basarake daban, na malami daban, kuma wanda ya san sarauta zai gane kuskure da kallo ɗaya. Aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, gwani ba ya bin sa zare-zare. Yakan nuna shi a inda haske ya faɗa, ya bar saura ya narke, don kada riga ta ƙwace wa fuska kallo.

Daga ɗan fasfo

Mafi yawan aikin da ke zuwa wa masu zanenmu a yau daga hoto ne, kuma sau da yawa mai hoton ya riga mu gidan gaskiya. Magidanci zai shigo shago, ya zaro ɗan fasfo da ya koɗe daga aljihu, ya ce, "Malam, hoton Baba ke nan, shi kaɗai ya rage mana." Ɗan koyo zai karɓa, ya ja layukan dara a kan hoton, ya ja irinsu manya a kan kanbas, ya kwafe gida-gida. Dabara ce mai kyau, tana tsare awo. Amma gwani ba ya tsayawa nan. Zai ce, "Allah Ya jiƙansa. Alhaji, zauna tukuna. Cikinku wa ya fi kama da shi? Mai yawan dariya ne ko mai shiru? Hularsa yana karya ta ne ko yana barinta a tsaye?" Wani lokaci har ya nemi ganin ƙanin mamacin, don ya ga yadda jinin gidan ke ɗaukar haske.

Yana yin haka ne don ya san halin kyamara. Fitilarta takan daki fuska gaba da gaba ta share inuwa, ta mayar da ita fayau. Kyamarar waya idan an matso da ita kusa takan kumbura hanci ta ƙanƙantar da kunne. Sannan duk wanda aka ce ya tsaya a ɗauke shi yakan ɗaure fuska ya zama baƙon kansa. Dole mai zane ya gyara waɗannan da saninsa na ƙashi da haske, ya mayar wa mutumin abin da na'ura ta ƙwace.

Idan kuwa mai rai ne ya zauna masa, rabin sa'ar farko ba a samun komai sai fuskar hoto. Shi ya sa za ka ji gwani yana jan hira. "Ranka ya daɗe, yaya damina ta bana? An ce masarar fadama ta yi kyau." Da dattijo ya shiga zancen gonarsa ko na jikokinsa, sai kafaɗa ta sauka, ido ya saki, fuskar da iyalinsa suka sani ta fito. Kyamara ƙiftawa ɗaya take kamawa. Mai zane yana ganin fuska ɗari a zama ɗaya, ya tace, ya zaɓi wadda ta fi zama mutumin. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa aikinsa ke nan, tambayar fuska har sai ta amsa.

A nan gaskiyarsa ke shan jarrabawa. Mai ba da aiki yakan ce a rage masa tsufa, a ƙara masa haske. Gwani ya san inda zai sassauta da inda ba zai taɓa ba. Ƙurjin da ya fito jiya ba ya cikin kama, ana iya barinsa. Furfura da layukan da shekaru suka shata a goshi kuwa su ne mutumin, idan aka share su an share shi. Da ya ga kamar ya gama, sai ya ja da baya taku biyar ko shida, ko ya kalli zanen ta madubi, ko ya kifa shi kai a ƙasa, domin idon da ya saba da kuskure ba ya ganinsa sai an sauya masa kallo. Alƙali na ƙarshe kuwa ƙaramin yaron gidan ne, wanda bai iya kara ba. Idan ya shigo ya nuna da yatsa ya ce, "Ga Baba Alhaji!" aiki ya yi.

Tambayar da ba a tsallakewa

Duk Musulmin da zai riƙe burushi sai ya tsaya a kan hukuncin zana abu mai rai, kuma daidai ne ya tsaya. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surori, kuma akwai malaman da suka hana abin ɗungurungum. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarinmu ke bi, sun bambance tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle, wanda suka ajiye a ƙasa da haramci. Tarihin Musulmi ma ya ga masu wannan sana'a. Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadul Fatih, wanda ya ci Istanbul, ya zauna wa Gentile Bellini na Venis ya zana shi a 1480. Sarki Jahangir na Indiya ya tura mai zanensa Bishandas zuwa Farisa don ya kamo masa fuskar Shah Abbas, kuma shi da kansa yana alfaharin cewa yana iya gane hannun kowane mai zane na fadarsa ko da ido da gira kawai ya sa a cikin aikin wani. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da iliminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, idon da ya horar ba zai tashi a banza ba, ga zayyana, ga dagin gini, ga taswirar gidaje, ga aikin hula da riga.

Darajar aikin

A watan Fabrairun 2018 aka yi gwanjon zanen Tutu a Landan, fuskar wata gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya zana a 1974, aka saye shi fam miliyan 1.2. A 2019 wani matashi daga Kaduna, Eli Waduba, ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir, ya saka a Twitter, mutumin ya gani ya ce zai saya, har ya nemi ƙari. A 2023 kuma aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da fasaha da al'adu, wadda aka damƙa wa Hannatu Musa Musawa, mai amsa sunan wannan gari namu.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu zanen bakin titi na Funtua da Malumfashi da Katsina, waɗanda ke rubuta allon shago da safe, su yi wa babbar mota ado da rana, da dare su zauna da hoton wani shehi ko basarake suna neman kama. Yawancinsu a wurin maigida suka koya, kuma akwai masu ido a cikinsu da ba su gaza na jami'a ba. Injin buga allunan talla ya cinye musu kasuwa, mu kuma muna taya aikin mako uku da kuɗin wuni ɗaya.

Gyaran yana hannunmu. Wanda zai ba da aikin zane ya biya kuɗin kwanakin da aka yi ana dubawa, kada ya tsaya kan kuɗin fenti. Makarantunmu su nemi a zana musu malaman da suka kafa su, ƙungiyoyin manoma su nemi a zana dattawan da suka riƙe su, tun suna raye suna iya zama a kujera. Yaron da malami ya kama yana zana fuskar ɗan ajinsu a bayan littafin lissafi, kafin a kai ga bulala a duba ko ya kamo kamar. Idan ya kamo, a saya masa fensir da takarda, a haɗa shi da wanda ya iya, a kuma gaya masa cewa abin da yake yi ilimi ne da ake ba da digiri a kansa, a makarantar da motar Funtua ke wucewa ta ƙofarta kullum.